Jam'iyya a Ƙofar Aji: Sharhi Kan Ƙananan Zaɓukan Amurka



Duk bayan shekara huɗu gidajen rediyo kan cika da labarin zaɓen shugaban Amurka, har sai ka ji an zauna a teburin mai shayi ana lissafa jihohin da za su raba gardama. Yau ba Fadar White House muka nufa ba. Za mu gangara can ƙasa, wajen zaɓukan da ba a kawo rahotonsu a labaran duniya, wato zaɓen shugabannin gundumomi da na hukumomin makarantu, waɗanda a 'yan shekarun nan suka zama fagen da manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Rifablikan da Dimokurat, suke gwada ƙwanji.

Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kuma ba girmansu ɗaya ba. Gundumar Los Anjeles tana da mutum kusan miliyan 10, ita kuwa gundumar Loving da ke Teksas mutanenta ba su kai ɗari ba a ƙidayar 2020. A yawancin gundumomin nan, jama'a ne ke zaɓen kwamishinonin da ke rubuta kasafin kuɗi, da shugaban 'yan sandan gunduma da suke kira sherif, da babban mai gabatar da ƙara, da magatakardan da ke gudanar da zaɓe. A wasu wuraren har mai binciken musabbabin mutuwa sai ya nemi ƙuri'a. Ban da waɗannan akwai shiyyoyin makarantu kimanin 13,000, kowacce da hukumarta, galibi ta mutum biyar ko bakwai ko tara. Da yawansu ba su da albashin kirki, wasu ma ko sisi ba a ba su. Amma su ke ɗaukar babban daraktan makarantu su kuma sallame shi, su ke sa hannu a yarjejeniyar albashin malamai, su ke amincewa da littattafan karatu, su ke cewa a gina wannan makaranta a rufe waccan. Yara kusan miliyan 50 ne a makarantun gwamnati na ƙasar, kuma abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa cikin kuɗin makarantun bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran daga jihohi yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye da mazauna wurin ke biya. To ka ga ba ƙaramar kujera ba ce. Jimmy Carter daga hukumar makarantun gundumar Sumter a Jojiya ya fara, Joe Biden kuma daga majalisar gundumar New Castle a 1970.

Zaɓen gunduma a jihohi da yawa na jam'iyya ne ƙarara. Na hukumar makarantu kuwa, a kusan tara cikin goma na shiyyoyin ƙasar, idan ka karɓi takardar ƙuri'a sunayen mutane kawai za ka gani, babu alamar jam'iyya a gefe. Wannan ba haka kawai ya faru ba. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, iyayen gidan siyasa ne ke riƙe da manyan biranen Amurka, irin su gungun Tammany Hall na birnin Niyok. Aikin koyarwa da kwangilar gina aji da sayen kwal na ɗumama makaranta duk rabon ganima ne ga 'yan gaban goshi. Masu neman gyara a lokacin suka ce a cire sunan jam'iyya daga takardar ƙuri'a, a kuma raba ranar zaɓen makarantu da ranar babban zaɓe, don kada guguwar siyasa ta kwashe harkar yara.

Maganin ya zo da nasa ciwon. Da aka mayar da zaɓen wata Talata a watan Afrilu ko wata Asabar a watan Mayu, sai jama'a suka daina fitowa. Ba abin mamaki ba ne a ga mutum ɗaya cikin goma na masu rajista ne kawai ya kaɗa ƙuri'a. Wata masaniyar siyasa, Sarah Anzia, ta wallafa littafi a 2014 kan wannan batu, inda ta nuna cewa idan fitowa ta yi ƙaranci, ƙungiyoyin da ke da tsari su ke cin moriya, musamman ƙungiyoyin malamai, domin su sun san ranar, sun san 'yan takarar, kuma albashinsu ne a kan faifai. Ƙungiyoyin malaman nan kuwa, kowa ya sani, jikinsu yana wajen Dimokurat. Saboda haka idan ɗan Rifablikan ya ce maka siyasa ta daɗe a cikin hukumar makarantu, su dai yanzu suka farka, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa.

Rigima kan abin da ake koya wa yara ma tsohuwa ce. A 1974, a gundumar Kanawha ta jihar Bajiniya ta Yamma, wata 'yar hukumar makarantu mai suna Alice Moore ta ƙi amincewa da wasu sababbin littattafai da ta ce sun saɓa wa addini da tarbiyya. Kafin a ankara dubban masu haƙar kwal sun shiga yajin aiki don mara mata baya, an tayar da nakiya a makarantu, an harbi motocin ɗaukar ɗalibai. Abin da ya bambanta wancan zamani da yanzu shi ne a da rigimar takan tashi a gari ta mutu a gari. Yanzu kuwa akwai masu kuɗi da ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya da ke jiran ta tashi su ɗauka.

Annobar korona ce ta buɗe ƙofar. A 2020 aka rufe makarantu, iyaye suka zauna a gida suna kallon darasin 'ya'yansu ta kwamfuta, wasu suka ga abin da bai yi musu daɗi ba, wasu kuma haushinsu shi ne an buɗe shaguna da gidajen abinci an bar makarantu a kulle. Daga rigimar takunkumin fuska aka koma ta yadda ake koyar da tarihin bauta da wariyar launin fata, daga nan aka koma ta littattafan da ke maganar jinsi. A watan Janairun 2021 wasu mata a Fulorida, cikinsu har da Tina Descovich da Tiffany Justice waɗanda dukkansu tsofaffin 'yan hukumar makarantu ne, suka kafa ƙungiyar Moms for Liberty, ta bazu cikin jihohi kamar wutar daji. Zaman hukuma da a da ba ya tara mutum ashirin ya koma sai an kira 'yan sanda. A gundumar Loudoun ta Bajiniya, zaman watan Yunin 2021 ya watse da kame. Bayan 'yan watanni, ɗan takarar gwamna na Dimokurat a jihar, Terry McAuliffe, ya yi suɓul da baka a wata muhawara, ya nuna cewa a ganinsa ba iyaye ne za su faɗa wa makarantu abin da za su koyar ba. Abokin karawarsa Glenn Youngkin ya ɗauki wannan magana ya yi ta yayatawa, ya kuma ci zaɓe a jihar da Biden ya lashe da tazarar kashi 10 shekara ɗaya kacal kafin nan. Daga ranar manyan 'yan siyasa suka gane akwai ƙuri'a a ƙofar aji.

Yanzu bari mu duba yadda ake kamfe ɗin kansa, domin nan ne abin yake da ban sha'awa. A al'ada, mai neman kujerar hukumar makarantu uwa ce ko uba, ko malamin da ya yi ritaya, ko mai shago a gari. Zai buga 'yan alluna masu ɗauke da sunansa ya roƙi maƙwabta su kafa a ƙofar gida, ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa da yamma bayan an tashi aiki, ya tsaya a bakin filin ƙwallon makaranta yana gaisawa da iyaye, ya halarci zaman tambaya da amsa da ƙungiyoyin sa kai ke shiryawa a ɗakin karatu na gari. 'Yan dubban daloli sun ishe shi, wani lokaci daga aljihunsa. A dubban shiyyoyi har gobe haka abin yake, da yawa ma ba a samun abokin hamayya.

Amma a wuraren da ido ya kai, salon ya sauya. Ba ɗan takara ɗaya ake tsayarwa ba, jeri ake yi na mutum uku ko huɗu, a buga hotonsu a takarda ɗaya, a ce wa mai zaɓe ga naka. Sunan jam'iyya ba ya kan takardar ƙuri'a, amma ofishin jam'iyya na gunduma zai buga ƙaramin kati da sunayen waɗanda ya ɗaga wa hannu, 'yan sa kai su tsaya nesa kaɗan da rumfar zaɓe suna miƙa wa duk mai shiga. Jam'iyya tana ba ɗan takararta rumbun bayanan masu zaɓe, wanda ke nuna masa wane gida ne ke fitowa kowane zaɓe, wane gida ne ɓata lokaci. Sai saƙonnin waya, sai zaurukan Facebook na iyayen unguwa, inda ake yanko minti ɗaya daga zaman awa huɗu a watsa. Kalmomi ma sun zama tambari. Wanda ya ce haƙƙin iyaye, an san inda ya dosa. Wanda ya ce 'yancin karatu da kare kowane yaro, shi ma an san gidansu.

Kuɗi kuwa ya shigo ta ɓangarori biyu. A watan Mayun 2022, wani asusun siyasa da ke da alaƙa da kamfanin waya na Patriot Mobile, mai kiran kansa kamfanin Kiristoci masu ra'ayin riƙau, ya kashe sama da dala 600,000 kan 'yan takara 11 a shiyyoyi huɗu na arewacin Teksas, kuma dukkansu suka ci. Kafin nan, a 2017, ƙungiyoyin waje sun zuba kusan dala miliyan 15 a zaɓen hukumar makarantun Los Anjeles, kuma wannan faɗa ne na cikin gida tsakanin 'yan Dimokurat: ƙungiyar malamai a gefe guda, attajirai masu goyon bayan makarantun da gwamnati ke biya amma 'yan kasuwa ko ƙungiyoyi ke gudanarwa a ɗaya gefen. A Fulorida, Gwamna Ron DeSantis da kansa ya fito a 2022 ya ɗaga hannun 'yan takarar hukumar makarantu 30, mafi yawansu suka yi nasara. Gwamnan jiha mai mutum sama da miliyan 20 yana yawon kamfe don kujerar da a da ko jaridar gari ba ta cika kulawa da ita ba.

Da na ambaci jarida, ga wani abin da ba a cika haɗawa da wannan batu ba. Tun daga 2005 Amurka ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na jaridunta, yawancinsu ƙananan jaridun gari, kuma gundumomi sama da 200 ba su da wata kafar labarai tasu. Wakilin da a da yake zama a bayan ɗaki yana rubuta wanda ya amince da kwangilar rufin makaranta da wanda ya ƙi, babu shi. Mai zaɓe ya san abin da aka ce a talabijin na ƙasa daren jiya, bai san sunan mutum biyar da ke kashe harajinsa ba. Idan ya shiga rumfa, da abin da ya ji a talabijin zai yi hukunci.

A gundumomi ma haka zancen yake, sai dai can rigimar ta fi karkata ga zaɓe kansa. A gundumar Shasta ta arewacin Kalifoniya, a watan Fabrairun 2022, an yi wa wani shugaban gunduma, Leonard Moty, kiranye. Ɗan Rifablikan ne, tsohon shugaban 'yan sandan birnin Redding, laifinsa a wajen masu kiranyen shi ne bai bijire wa dokokin korona na jiha yadda suke so ba. Sabon rinjayen da aka samu ya soke kwangilar na'urorin ƙidayar ƙuri'a a 2023 da nufin komawa ƙidaya da hannu, har sai da majalisar jiha ta yi doka ta taka musu burki. A gundumar Mesa ta Kolorado, magatakardar zaɓe Tina Peters ta bai wa wani na waje damar shiga na'urorin zaɓe don neman hujjar maguɗin 2020, kotu ta yanke mata ɗaurin shekara 9 a watan Oktoban 2024. Kujerun da a da ake ɗauka na tura takardu ne, sun zama na a mutu ko a yi rai.

To daga nan ne muhawarar da ta fi jan hankalina ta taso. Wasu suka ce tunda jam'iyya ta riga ta shigo ta taga, a buɗe mata ƙofa, a rubuta sunanta a takardar ƙuri'a kowa ya gani. Jihohi kamar Fensilbaniya da Alabama da Luwiziyana da Konetikat dama haka suke yi. Tenesi ta ba da dama a 2021. Majalisar Karolina ta Arewa ta bi gunduma gunduma tana sauyawa har ta kai kusan rabin shiyyoyin jihar. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ɓoye alamar ba ya korar siyasa, talaka mai zaɓe kawai yake bari a duhu, alhali 'yan ciki sun san kowa.

Na saurari hujjar, amma ban gamsu ba, kuma dalilina yana cikin abin da masu zaɓen da kansu suka yi. San Faransisko gari ne da Dimokurat ke cin sama da kashi 80 cikin ɗari. A watan Fabrairun 2022 mutanen garin suka yi wa 'yan hukumar makarantu uku kiranye da rinjayen kusan kashi 70 ko fiye, domin a lokacin da makarantu ke kulle hukumar ta shagala da sauya sunayen makarantu 44, har da masu sunan Abraham Lincoln da George Washington. 'Yan Dimokurat ne suka kori 'yan uwansu. A ɗaya ɓangaren, a Fulorida, cikin 'yan takara 23 da DeSantis ya ɗaga wa hannu a 2024, 11 sun faɗi tun a zagayen watan Agusta, wasu a gundumomin da Rifablikan ke da rinjaye. A duka wuraren biyu uwa ta dubi makarantar ɗanta ta ce a'a, ba tare da ta ji ta ci amanar jam'iyyarta ba. Mu nan mun san bambancin sak, wato zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, da wake da shinkafa, wato gauraya 'yan takarar jam'iyyu daban-daban. Rubuta sunan jam'iyya a takarda gayyatar sak ce.

Za a ce mini ai a Central Bucks ta Fensilbaniya akwai alamar jam'iyya, kuma duk da haka a watan Nuwamban 2023 masu zaɓe sun kawar da rinjayen Rifablikan da ya tsananta dokar littattafai, Dimokurat suka kwashe duka kujeru biyar da aka yi takara. Haka ne. Amma gundumar Bucks wuri ne da jam'iyyun biyu suke kankankan. Yawancin gundumomin Amurka ba haka suke ba, jam'iyya ɗaya ce ke da gari. A irin wannan wuri, da zarar an sa alama, zaɓen gaskiya ya koma na fid da gwani, inda 'yan a mutun jam'iyya suka fi fitowa, kuma mai sassaucin ra'ayi shi ke shan ƙasa. A jiha kamar Fulorida, wanda ba shi da rajistar jam'iyya ba ya shiga zaɓen fid da gwani, kuma irin waɗannan sun haura miliyan 3. Ga kuma dokar Hatch ta 1939 da ta hana ma'aikacin gwamnatin tarayya tsayawa takarar jam'iyya, wato ma'aikacin gidan waya da ke da 'ya'ya uku a makarantar gari ya fita daga lissafi. Da aka kai maganar gaban mutanen Fulorida a watan Nuwamban 2024, kusan kashi 55 suka amince a sa alamar, amma gyaran tsarin mulkin jihar yana buƙatar kashi 60, sai ya faɗi.

Akwai kuma mutanen da alamar ba ta da gurbinsu. A Dearborn ta jihar Mishigan, a watan Oktoban 2022, ɗaruruwan iyaye Musulmi Larabawa suka cika zauren hukumar makarantu kan wasu littattafai, har aka ɗage zaman. A gundumar Montgomery ta Merilan, da hukuma ta janye damar da iyaye ke da ita ta cire 'ya'yansu daga darasin wasu littattafai masu maganar jinsi a 2023, Musulmi da Kiristoci, cikinsu har da 'yan asalin Habasha, suka haɗu suka yi ta zanga-zanga, wasu iyayen suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a watan Yunin 2025 da rinjayen alƙalai shida kan uku. Da yawa daga iyayen nan sun daɗe suna zaɓen Dimokurat saboda batun baƙi da lafiya da wariya, amma a kan tarbiyyar yara sun fi kusa da Rifablikan. Ɗan takarar da zai wakilce su, wace alama za a manna masa?

Kada kuma a ɗauka cire sunan jam'iyya tsarki ne. Najeriya ta gwada zaɓen ƙananan hukumomi ba jam'iyya a 1987 da 1996, kuma waɗanda suka ga lokacin za su gaya maka iyayen gida ba su je ko'ina ba. Abin da cire alamar yake yi kaɗan ne: yana tilasta wa mai zaɓe ya tambayi wane ne wannan, yana kuma barin ƙofa a buɗe ga wanda ba shi da ubangida. Idan ana son gyara, ni a ganina ranar zaɓen ce abin taɓawa. Kalifoniya ta yi doka a 2015 da ta tilasta wa ƙananan hukumomin da fitowar masu zaɓensu ta yi ƙasa sosai su haɗa zaɓensu da na jiha, kuma inda aka haɗa, fitowa ta ƙaru ƙwarai. Kujerar da mutum dubu biyu ke yanke hukuncinta, dala dubu ɗari na iya saye. Wadda mutum dubu ashirin ke yankewa ta fi tsada.

Abin da ya fi damuna a duk wannan hayaniya shi ne abin da ba a tattaunawa. Sakamakon jarrabawar ƙasa ta 2024 ya nuna karatun yaran aji huɗu da aji takwas ya ƙara yin ƙasa. Yara da yawa sun saba da fashin makaranta tun bayan korona. Shiyyoyi suna fama da ƙarancin direbobin bas da malaman lissafi, kuɗin tallafin annoba na tarayya ya ƙare a 2024, yawan ɗalibai yana raguwa a manyan birane har ana maganar rufe makarantu. Waɗannan su ne aikin hukuma na yau da gobe, kuma babu ɗayansu da ke tara jama'a a zaure ko ya jawo gudummawa daga wata jiha.

Wurare biyu ne ya kamata mai bibiyar wannan batu ya sa wa ido. Jihar Indiyana ta yi doka a 2025 da ta ba 'yan takarar hukumar makarantu damar sa sunan jam'iyya kusa da nasu, zaɓen Nuwamban 2026 shi ne gwajinta na farko. Birnin Shikago kuwa, wanda magajin gari ke naɗa hukumar makarantunsa shekara da shekaru, ya zaɓi mutum 10 a karon farko a 2024, kuma a 2026 ne aka tsara zaɓen duka kujeru 21, ba tare da alamar jam'iyya ba, amma da ƙungiyar malamai da attajirai kowa riƙe da jakarsa.